Rasuwar Baturiya, Motar Malam Haladu Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cike ɗan gurbin da ya rage a cikinta, ni Musbahu Haladu, mai gyaran bodin mota a warshar Meshari, wato garejinsa da ke unguwar masana'antu ta Jidda, a madadin kaina da matata Bilkisu da 'yarmu Layan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na unguwannin Nuzla da Safa da duk inda rusau ya watsa mu, rasuwar motarmu wadda aka fi sani da Baturiya. Ta rasu ranar Asabar tsakanin azahar da la'asar, a bayan wani sito da ke kudancin Jidda, tana da shekara hamsin da uku a duniya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana biyu ta yi kwance a hannun waɗanda ba su san ta ba, ni kuwa ina Madina ban sani ba.

Mai karatu zai lura ban ce a madadin dukan iyalan marigayi Malam Haladu direba ba. Da gangan na yi. Akwai mutum guda a cikin iyalan da ba na magana a madadinsa, shi ne ƙanena Abdulghani, autan gidanmu, mai sayar da turare ta waya. Za a ji dalili.

An haifi marigayiyar a shekarar 1971, a wata masana'anta da ke tsakiyar Ingila, wadda ita ma ta daɗe da rufe ƙofa. Kujera biyu gare ta, da dogon hanci, da rufin yadi mai naɗewa baya. Launinta kore ne mai duhu, irin na ganyen darbejiya bayan an yi ruwa. Allon gabanta katako ne, sitiyarinta siriri, ƙafafunta kuma masu wayoyi ne irin na keke, guda sittin a kowace ƙafa. Na san adadin domin ɗaya bayan ɗaya na goge su da hannuna.

Ta shigo Jidda ta jirgin ruwa a 1975, tare da wani Baturen injiniya da ya zo aiki a tashar jiragen ruwa. Mahaifinmu shi ne direbansa. Babbar motar aiki yake tuƙa masa, ita kuwa Baturiya wanki da shafa kawai yake yi mata, ya tayar da ita da safe ta yi ɗumi. Da Baturen zai koma gida a 1983, sai ya miƙa wa Baba makullin a ƙofar gida, ya ce da gurguwar Larabcinsa ai ita dama ba ta tashi da safe sai in Haladu ne ya murɗa. A makon nan Baba ya ɗauki mahaifiyarmu Inno ya kai ta bakin teku. Ita ce mace ta farko a lungunmu da ta zauna a mota marar rufi. Iska ta fizge mata mayafi a kan hanya, Baba ya tsaya ya bi shi da gudu cikin motoci, ita tana dariya tana rufe kai da hannu. Labarin nan mun ji shi a bakin Inno fiye da sau ɗari, kuma ba ta taɓa canza ko kalma ɗaya a ciki ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da gaskiya. Ba ta iya ɓoye abin da ke damunta ba. In tana jin zafi za ta nuna a allura, in tana jin ƙishi za a ji a muryarta, in kuwa ta kwana a wuri sai ta bar ɗigon baƙin mai domin a san ta kwana. Ba ta da na'urar sanyi, ba ta da allon taɓawa, ba ta taɓa yi wa kowa ƙara don ya manta bel ba. Abin da take nema kaɗan ne: a duba mata ruwa, a duba mata mai, a saurare ta. Da safe in ka ja cok ka taka totur sau biyu, sai ta ce, "Kirr... kirr... kirr... uhum... burum!" Daga nan ta zauna a kan muryarta ta kullum, "dum-dum-dum-dum," kamar dattijuwa tana jan carbi. In ka sauke giya a kwana ta ce "faf-faf" ta salansa. In ka kashe ta kuma ba ta yin shiru nan take, sai ta yi ta "tik... tik... tik" har jikinta ya huce. Baba ba ya shiga gida sai ta gama.

A 1994 injinta ya tsaya, ƙarfin Baba kuma ya fara raguwa. Aka tura ta tsakar gidanmu na Nuzla aka lulluɓe da tamfol, ta yi shekara ashirin da ɗaya a nan. Kyanwoyi sun haihu a kan kujerunta, zuriya bayan zuriya. Da Baba ya rasu aka zauna rabon abin da ya bari, aka zo kanta. Ina so waɗanda suka halarci zaman nan su tuna, domin da yawansu suna raye. Abdulghani ya kalli tamfol ɗin ya ce, "Wannan ai tarkace ne. A kira 'yan tashlih su kwashe, Inno ta samu wurin shanya." Tashlih, ga wanda bai sani ba, shi ne filin da ake farke matattun motoci. Na ce ni ina so. Ya ce, "Ɗauki, Yaya, halas, na bar maka har kyanwoyin." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Shekara tara na yi a kanta. Iskar gishirin Jidda ta riga ta cinye ƙasan motar, har kana iya tsayawa a cikinta ƙafarka na taka ƙasa. Na yanke ruɓaɓɓen, na buga sabon ƙarfe da guduma, faranti bayan faranti, bayan an tashi aiki da ranakun Juma'a. Kafireto biyu gare ta, kuma dole su ja iska daidai da juna, in ba haka ba sai ta yi ta tari. Da guntun tiyo a kunne na daidaita su, ina saurarar numfashin wannan ina saurarar na wancan, har na yi wata guda ina jin shuuu a kunnena ko a cikin sallah. Layan ce ke rubuta mini wasiƙun Turanci zuwa ga wasu tsofaffi a Ingila waɗanda har yau suke ajiye da kayan irin waɗannan motoci. Akwai wani ɗan gaskit da bai kai tafin hannu ba, wata huɗu muka jira shi. Bilkisu ta ɗinka rufin a kekenta na ɗinkin abaya, ta karya allura goma sha ɗaya, ta ɗinka fatar kujerun da hannu har yatsunta suka yi kanta. Ba ta taɓa cewa in bari ba. Abin da kawai take cewa shi ne, "Baban Layan, ka wanke hannu kafin ka taɓa mini yadi."

Shekarar da rusau ya iso Nuzla aka shafa wa gidanmu jan fenti, maƙwabta suna fitar da firji da katifu, ni ina neman masu tura mini mota marar inji. Mutum huɗu suka taimake ni, muka bi da ita ta lungu, madubinta na gogar bango, har bakin titi inda motar ɗaukar mota ke jira. Abdulghani bayansa na ciwo a ranar. Meshari, mai warsharmu kuma kafilina, wanda ya tsaya mini a takardun zama, ya ba ni kusurwa guda ya ce ta zauna har ta warke, bai taɓa tambayata yaushe ba. Allah ya saka masa.

Ta farka a watan Sha'aban na bana. Na murɗa makulli, ta yi kirr sau bakwai, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Duk warshar ta tsaya. Mai fenti ɗan Sudan ya ajiye bindigar fentinsa, 'yan Pakistan biyu suka fito daga ƙarƙashin wata babbar mota suna tafi. Na zauna a kan kujerar direba na yi kuka, ba na ɓoyewa, domin rabon da in ji muryar nan tun Baba yana da baƙin gemu.

Marigayiyar tana da rauni guda, kowa ya sani. 'Yar ƙasar sanyi ce, ba ta jure zafi a tsaye. Saboda haka na ƙara mata fankar lantarki a gaban lagireto, na sa makunninta a ƙasan sitiyari, na manna jar takarda a gefensa, na rubuta da Larabci da Hausa da manyan baƙaƙe: A KUNNA A CUNKOSO. Ba na fita da ita sai ranar Juma'a bayan asuba, kafin rana ta buɗe ido. Na dawo da ita ƙasan benenmu na Safa, inda muka koma bayan rusau, na saya mata sabuwar riga. Inno, wadda ke zaune tare da mu, ta leƙo ta taga ta ce, "Babba, yaushe za ka kai ni bakin teku?" Babba take ce mini, kasancewar ni ne ɗan fari. Na ce ta bari zafi ya sauka, saboda hawan jininta, in Nuwamba ta kama sai mu tafi. Na ɗauko makullin asali, wanda Baturen ya miƙa wa Baba, na ba ta ta ajiye a akwatinta, na ce nata ne. Jinkirin nan laifina ne, na ɗauka, kuma zan daɗe ina ɗauke da shi.

Ga yadda ciwon ajalin ya kasance, kamar yadda na tattaro daga bakin shaidu.

Ranar Laraba ta tsakiyar Agusta muka tafi ziyara Madina, ni da Bilkisu da Layan. Abdulghani ya zo ya zauna da Inno kafin mu dawo. Ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta, ya yaye wa Baturiya riga, ya naɗe rufinta, ya ɗauki wani abokinsa mai riƙe masa waya, suka fita ɗaukar tallan turare. Mutumin da tun da aka haife shi bai tuƙa mota mai kuloci ba sai sau biyu. Maƙwabcinmu na hawa na biyu ya ce ya ji kukan giyar daga banɗakinsa.

Suka shiga cunkoso a Titin Madina da ke cikin Jidda, suka yi minti arba'in suna rarrafe. Allura ta tashi daga tsakiya, ta wuce, ta shiga ja, ta jingina da ƙarshe ta kwanta. Makunnin fanka yana daidai gwiwarsa. Da tururi ya fara fita ta hancinta sai ya gangara gefe, a ƙofar wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, ya shiga ya sayo manyan gorunan ruwa biyu daga cikin firji. Mai baƙalar, wani dattijo ɗan Yaman, ya biyo shi har waje yana cewa ya bari ta huce, kada ya zuba. Na je na same shi daga baya, ya rantse mini sau uku ya faɗa. Abdulghani ya ce masa shi ya san motar, ta ubansa ce. Ya buɗe lagireto da tsumma, ya juye ruwan ƙanƙara a cikin injin da ke tafasa. Dattijon ya ce ƙarar da ya ji guda ɗaya ce, "ƙas," kamar an taka kofin shayi. Kan injin ne ya tsage.

Har a nan marigayiyar ba ta mutu ba. Ina so a fahimci wannan sosai. Tsagewar kan inji ciwo ne mai magani. Da ya kira ni, da na ce ya rufe ta ya bar ta inda take. Da na yi faɗa, da na yi kwana uku ban kula shi ba, da Layan ta sake rubuta wasiƙa, da mun jira wata shida. Wayata tana aljihuna a Madina, a kunne. Sau biyu ya kira ni a ranar, yana tambayar inda Inno ke ajiye maganinta, yana cewa in yi masa addu'a a Rauda, cikin masallacin Annabi.

Maimakon haka sai ya ɗora ta a motar ɗaukar mota ya kai ta wurin wani Zaharadden, mai gyaran janareto da baburan kai saƙo a bayan wani sito, wanda yaran wurin ke kira Muhandis, wato injiniya. Umra ta kawo shi ya zauna, kuma ban riƙe shi da wannan ba, kakanninmu ma da ƙafa suka zo. Abin da na riƙe shi da shi, bai taɓa ganin irin injin nan ba, kuma bai ce bai taɓa gani ba. Abdulghani ya ce masa kafin Lahadi yake so, yalla yalla, maza-maza, kada mai ita ya dawo ya gane. Zaharadden ya ce ƙaramin aiki ne. Ya yi ranar Juma'a yana kwance abin da bai kamata a kwance ba. Ranar Asabar ya yanke shawarar ya liƙe tsagar da walda, injin yana cikin mota, tiyon fetur yana haɗe, kafireto biyun nan da na daidaita da kunnena suna cike da mai, tazarar taƙi ɗaya daga bakin wutar.

Minti goma sha biyu ta ɗauka, in ji masu gadin siton. Fentin ya tafi, katakon ya tafi, rufin Bilkisu ya narke ya zuba a kan kujeru. Kafin 'yan kwana-kwana su iso babu sauran abin kashewa.

Muka dawo ranar Lahadi da dabinon Madina da tsarabar Inno. Na tarar da gurbinta babu kowa, rigarta a naɗe a kusurwa. Abdulghani ya tare ni a matakala da murmushi, ya karɓi jakata. Ya ce, "Yaya, kada ka tambaya. Na kai ta a goge maka ita ne, kyauta ce daga gare ni. Jibi za ka gan ta tana walƙiya." Raina bai so ba, amma na ji kunyar in yi wa ƙanena faɗa a kan alheri. Har na ce masa Allah ya yi albarka. Ya ci abinci da mu a faranti ɗaya ranar Lahadi, ya ci ranar Litinin, ya yi ƙari.

Ranar Talata da hantsi wani mutum ya shigo warsha, hannunsa na dama naɗe da bandeji har gwiwa, babu gira ko ɗaya a fuskarsa. Ya tambayi wane ne Musbahu. Ya tsuguna a gabana a kan siminti mai maiƙo, ya ce, "Malam, ni ne na ƙona maka mota. An ce in yi shiru, na kasa barci. Ka yi mini duk abin da ka ga dama." Zaharadden ke nan. Mutumin da ba shi da iƙama, takardar izinin zama, wanda kalma ɗaya daga bakina za ta iya sa a kwashe shi, ya hau motoci biyu ya zo ya faɗa mini gaskiya. Hannunsa ya ƙone ne yana ƙoƙarin ciro kujerar direba. Shi ya kai ni inda take.

Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Na gane ta da ƙafafunta, wayoyin sun yi baƙi amma suna nan, sittin sittin.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da wannan sanarwa ta fi haka taushi. Da yammacin ranar Layan ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini wayarta. Tallan ne. Ya sake shi ranar Lahadi, kwana ɗaya bayan gobarar, wataƙila a lokacin da yake jiran mu iso ya karɓi jakata. Minti ɗaya bai cika ba. Ga Abdulghani cikin farar jallabiya da baƙin tabarau, hannu ɗaya a kan sitiyarin Baba, ɗayan yana fesa turare a iska, yana cewa, "Ƙamshin manya, a motar manya." A bayan hannunsa ana ganin allurar kwance a cikin ja. A gefen gwiwarsa ana ganin jar takardata, har ana iya karanta ta. Na ce wa Layan ta rage kiɗan in za a iya, ta ce ba a iyawa. Na manna wayar a kunnena. A ƙarƙashin kiɗan na ji ta. Ba "dum-dum-dum" take cewa ba, cewa take "ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas," da sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ta waje. Wannan ce maganarta ta ƙarshe da ta iso gare ni, kuma a cikin tallan turare na ji ta.

Na aika masa ya sauke. Ya amsa da saƙon murya: "Ma'alesh, yi haƙuri, Yaya, abin ya riga ya faru. Tallan kuwa yana tafiya, har daga Dammam ana kira. Ita ma ai ka ga sunanta ya fita." Ina da saƙon, duk mai so ya zo ya saurara.

Ranar Juma'a bayan masallaci Inno ta kira mu ɗakinta, mu biyu. Na shiga da maganganun da na kwana uku ina shiryawa. Na fara da tambayar da ta fi ci mini rai, na ce ina so ya faɗa a gaban Inno yadda aka yi ya buɗe mata akwati ya saci makulli. Inno ta ɗaga hannu.

"Ba sata ya yi ba, Babba. Ni na ba shi."

Na juya na kalle ta.

"Ya ce zai wanke ta ne kafin ka dawo. Na ce to, Auta ya fara hankali. Na buɗe akwati da hannuna na ba shi." Ta gyara zama, ta kalli tafin hannunta. "In faɗa za ka yi, ka fara da ni."

Da wa zan fara? Abdulghani yana zaune a ƙasa yana kallon kafet, yana ƙamshi.

"Ƙarfe ne," in ji Inno. "Na san abin da ka zuba a ciki, na san na ubanku ne. Amma ƙarfe ne. Wannan kuwa ciki ɗaya kuka fito."

Na ce, "To, Inno." Na tashi na fita. A kicin Bilkisu ta riƙe hannun rigata, ta faɗa mini a hankali cewa tun watan jiya Inno ta sa ta ɗinka mata sabon mayafi, kore mai duhu, da igiya a ƙarƙashin haɓa don kada iska ta ɗauke. Yana cikin akwatin, a inda makullin yake. Inno ba ta ambace shi ba, har yau, ni ma ban ambata ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, wanda ta girma da shekara ɗaya. Ta bar Bilkisu da kantar yatsunta, da Layan da adireshin tsofaffi bakwai a Ingila waɗanda har yanzu ba mu san yadda za mu gaya musu ba. Ta bar Inno. Ta bar tayar safiya guda da jak, waɗanda Allah ya sa suna warsha a ranar. Ta bar madubin gefe sabo fil, wanda ya iso daga Ingila kwana biyu bayan rasuwarta, yana cikin kwalinsa ban buɗe ba. Ta bar tabon baƙin mai a ƙasan benenmu, kuma na roƙi mai gadi kada ya wanke. Ta kuma bar wanda ya yi ajalinta cikin ƙoshin lafiya, yana amsa waya daga Dammam.

Za a yi jana'iza ranar Laraba mai zuwa in Allah ya kai mu. Gawar tana warshar Meshari, inda aka dawo da ita aka rufe da tsohon tamfol ɗinta. Za a ɗaga da ƙarfe tara na safe zuwa tashlih na Briman. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa ƙarfe sallah, na ce na sani, tambaya kawai na yi. Saboda haka rakiya ce kawai, kowa ya zo da motarsa, kuma a duba ruwa kafin a taso.

Masu kirana suna tambayar ko bamba ta tsira, ko zan sayar da ƙafafun, su daina. Ba a raba kayan mamaci kafin a binne shi, bayan an binne ma ba na sayarwa.

Zaharadden zai zauna a gaban motar da za ta ɗauki gawar, kusa da ni. Na yafe masa rabi, sauran rabin sai ya yi alkawari a gaban jama'a ba zai sake kusantar abin da ya wuce janareto ba. Meshari ya ce in hannunsa ya warke ya zo ya koyi aiki.

Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a warsha, daga la'asar zuwa magariba. Akwai gahawa da dabino. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce mini "ai ƙarfe ne." Mutum ɗaya ke da izinin faɗar haka a duniya, kuma ta riga ta faɗa. Ana kuma roƙo kada a shafo turaren da aka saya ta waya, hancina ya san shi, zan tashi mutum ko waye.

Game da Abdulghani, na so in rubuta cewa kada ya zo. Inno ta ce zai zo, zan amsa masa sallama, kuma zan ba shi wurin zama a cikin mutane kamar kowane ɗan gida. Ban taɓa saɓa wa Inno ba, ba kuma zan fara a kan wannan ba. Zai yi sallama, zan amsa daidai yadda ya yi, ba ƙari. Wurin zama kuma an tanada. Na kwance kujerar direba daga jikin gawar, na kafa ta a tsakiyar warsha, tana fuskantar ƙofa. Babu fata, babu soso, sai firam da sifirin da wuta ta gasa. A kanta zai zauna kwana ukun nan, daga la'asar zuwa magariba, cikin farar jallabiyarsa, duk wanda ya shigo ya fara yi masa ta'aziyya kafin ya iso gare ni.

Allah ya ba mu haƙuri, ni dai nawa bai iso ba tukuna.

Sanarwa daga Musbahu Haladu, Safa, Jidda.